Taimin a Injin Turbo: Yadda Digiri Biyu Ke Fasa Fistin

Wanda ya taɓa riƙe fistin da aka ciro daga lalataccen injin turbo, ya ga gefensa ya ɓantare daidai inda ringi ke zama, zai ɗauka wani gagarumin abu ne ya auku a cikin injin. Sau da yawa kuwa abin bai wuce kuskuren digiri biyu ko uku na juyin inji ba, a lokacin da fulogi ke sakin wuta. Wannan lokaci shi ne taimin. Kalma ce da ba ta barin bakin makanikai, amma in ka tsare mutum ka ce ya fayyace maka abin da ake nema da ita, amsar da za ka fi ji ita ce: in an ƙara, mota ta yi ƙarfi, in an rage, ta yi sanyi. Da wannan ɗan sani mutum yana iya shekara goma yana taɓa injinan da ba su da turbo bai yi wa kowa ɓarna ba. A injin turbo, yini ɗaya ya ishe shi.

Taimin iri biyu ne, kuma sunan da ya haɗa su yana rikita mutane. Akwai na bawul, wanda bel ko sarƙa ke riƙe da shi, shi ke tsara buɗewa da rufewar ƙofofin iska da hayaƙi. Akwai na wuta, wato lokacin da kwayil ke aika wa fulogi lantarki. A kan na wuta za mu zauna.

Mafarin gane shi shi ne a daina cewa fetur fashewa yake yi a cikin silinda. Ci yake yi da wuta. Fulogi yana ƙyasta ɗan tartsatsi, wutar ta kama ƙarama, sannan ta yi ta yaɗuwa tana cin cakuɗen iska da mai har ta kai bangon silinda, kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa. Tana da sauri ƙwarai, amma duk da haka tana cin lokaci, fistin kuma ba ya tsayawa jiranta. Injin da ke juyi 3,000 a minti, karanshaf ɗinsa, sandar da fistin ke juyawa, na zagayawa sau 50 a daƙiƙa, kowane zagaye digiri 360, wato digiri 18,000. In ka raba daƙiƙa gida dubu, a kowane gida ɗaya karanshaf ya tafi digiri 18. A juyi 6,000 ya tafi 36. In da za a bari sai fistin ya kai ƙoli kafin a ba da wuta, kafin ta gama kamawa ya riga ya yi nisa a gangara, ƙarfin ya zo ya tarar ba kowa. Shi ya sa ake kunna ta tun fistin yana hawa. In makanike ya ce "digiri 20", nufinsa saura digiri 20 karanshaf ya kawo fistin ƙoli aka saki wutar.

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san abin da ake nema, ko da bai san ya sani ba. In ka danna feda tana tsaye cak a sama, nauyinka ƙarfen tsakiya yake dannewa, keken ba ya motsi. In ka jira sai ta kusa ƙasa, ka makara. Akwai wani wuri, ta ɗan gota sama kaɗan, inda ƙafarka ke zama tafiya. Haka fistin da karanshaf da kwanrod, ƙarfen da ya haɗa su, suke. Ana so matsin wutar ya kai iyakar ƙarfinsa bayan fistin ya gota ƙoli da kamar digiri 15, ko sama ko ƙasa kaɗan. Wannan wurin shi ne manufa, kuma ba ya sauyawa sosai daga inji zuwa inji. Abin da ke sauyawa shi ne tsawon lokacin da wutar ke ɗauka kafin ta kai can. Lambar taimin lissafi ne daga baya zuwa gaba: in wutar mai nawa ce, a kunna ta da wuri, in mai sauri ce, a ɗan jinkirta. Injin da ke buƙatar digiri 35 bai fi wanda ke buƙatar 18 ƙarfi ba. Hasali ma mai 18 ɗin ne ya fi iya cin wutarsa.

In ka ɗora inji a kan na'urar auna ƙarfi, wadda ake kira daino, ka riƙe shi a juyi ɗaya da lodi ɗaya, ka riƙa ƙara taimin kaɗan-kaɗan, za ka ga ƙarfin murɗa yana hawa da sauri da farko. Can sai hawan ya ragu, ya ragu, har ya kwanta. In ka ci gaba da ƙarawa ya fara sauka, domin yanzu wutar tana tare fistin tun yana hanyar hawa, injin yana kokawa da kansa. Injiniyoyi suna kiran farkon wannan shimfiɗar tudu da MBT, ma'ana mafi ƙarancin taimin da ke ba da cikakken ƙarfi. Abin lura a nan, wanda shi ne gishirin maganar gaba ɗaya: digirin ƙarshe-ƙarshe kafin kan tudun ɗan ƙarfi ƙalilan suke ƙarawa, amma matsi da zafin cikin silinda ba su daina hawa ba. Riba tana raguwa, haɗari yana ƙaruwa.

To, me turbo ya zo ya sauya?

Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙi yana juya ɗaya, ɗayar tana ɗura wa inji iska. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905. Iskar da muke shaƙa tana da matsin bar ɗaya a bakin teku. In turbo ya ƙara bar ɗaya a kai, silinda ta haɗiye kusan ninki biyu na abin da za ta iya tsotsa da kanta, aka kuma zuba mai daidai da haka. Cakuɗen da ya cushe haka ya fi saurin cin wuta, don haka tun a nan buƙatar taimin ta ragu. Sannan ga zafi. Iska in an matse ta sai ta yi zafi: wadda ta shiga turbo a digiri 25 na ma'aunin Salshiyos tana iya fitowa ta haura 100 in matsin ya kai bar ɗaya. Aikin intakula ke nan, ya kwashe wannan zafin kafin iskar ta shiga inji, kuma ba ya taɓa kwashe shi duka. Fistin ya zo ya sake matse wannan zazzafar iska kusan ninki tara ko goma. Fulogi ya kunna wuta, wutar ta taho tana faɗaɗa, tana ƙara danne ragowar cakuɗen da bai ci ba a can gefen silinda.

Wannan ragowar ita ce matsalar. An matse ta, an gasa ta, tana jiran wuta ta iso. In wutar ta riga ta, lafiya lau. In haƙurinta ya ƙare kafin wutar ta zo, sai ta tashi da kanta gaba ɗaya a lokaci guda, kuma wannan kam fashewa ce ta gaske. Girgizar tana kaiwa da komowa tsakanin bangon silinda sau dubbai a daƙiƙa; a silinda mai faɗin milimita 86 kusan sau 6,000 zuwa 7,000 ne. Ita kunne ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Ita ce ƙwanƙwasa, wadda a littattafan inji ake kira nokin. A kula, ba ita ce abin da muke nufi ba in muka ce inji ya buga. Bugawa ƙarshen labari ce, ƙwanƙwasa kuwa tana cikin hanyoyin da ke kai wa can.

Ɓarnarta tana da fuska biyu. Ta farko duka ne: guduma ce ke sauka a kan fistin, ta fasa ɗan siririn bangon da ke tsakanin ringi da ringi, ta daki mital na kwanrod, ta huda gasket. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Wutar cikin silinda tana haura digiri 2,000, alhali alminiyon da aka ƙera fistin da shi yana narkewa a wajajen 660. Abin da ke kare shi wani siririn labulen iska ne da ke kwance a kan ƙarfen, ga kuma ruwa da baƙin mai da ke janye zafi. Girgizar ƙwanƙwasa tana yaye wannan labule, zafi ya shiga ƙarfe kai tsaye. Ƙarfen da ya yi zafi kuma ya ƙara jawo ƙwanƙwasa a juyi na gaba. Injin da ba shi da turbo yana iya jure ɗan wannan na wani lokaci. A ƙarƙashin matsin turbo, daƙiƙu kaɗan sun isa.

Ga bambancin da nake so ya zauna. A yawancin injinan da ba su da turbo, da mai mai kyau, kana iya kaiwa kan tudun MBT ko kusa da shi kafin ƙwanƙwasa ta fara. A injin turbo mai cikakken matsi da fetur na gidan mai, ƙwanƙwasa ce ke tare ka tun kana tsakiyar hawa. Daino yana nuna maka ƙarfi yana ƙaruwa da kowace digiri, zuciya tana cewa ƙara ɗaya, alhali ka riga ka zo bakin rami. Mai saita injin turbo iyakar haƙurin man da ke tankinsa yake nema, ya same ta, sannan ya ja da baya.

Tarihin motocin turbo kusan duk tarihin wannan kokawa ne. Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga cikin motocin turbo na farko da aka sayar wa jama'a a Amurka, ta fito da ninkin matsewa 10.25, wato yawan ninkin da fistin ke matse cakuɗe, wanda ya yi wa fetur ɗin yawa. Sai kamfanin ya sa mata wani ƙaramin tanki na ruwa da metanol da ake fesawa cikin iska don sanyaya ta. Masu motar suna mantawa su cika shi, kuma shekara biyu kawai aka yi ana ƙera ta. Jamusawa sun bi ta wata hanya, suka sauke matsewar ƙasa sosai: BMW 2002 Turbo ta 1973 tana da 6.9, Porsche 911 Turbo ta 1975 tana da 6.5. Ƙwanƙwasa ta ragu, amma motar ba ta da kuzari sai turbo ya farka. Kamfanin Saab na Suwidin ne ya kawo sauyi babba a 1982 da tsarinsa mai suna APC: aka ɗaura wa inji kunne, sensar da ke jin ƙwanƙwasa, da zarar ta ji sai a sassauta matsin turbo. Daga nan inji ya fara sauraren kansa. Motocin yau suna fesa mai kai tsaye cikin silinda, man yana sanyaya cakuɗen yayin da yake zama tururi, shi ya sa za ka ga injin turbo da matsewa kusan 10 yana tafiya lafiya. Amma har yanzu kwamfutarsa, wadda makanikai ke kira biren-bos, a bakin ramin take yawo da shi, tana janye digiri tana mayarwa a kowace silinda.

Haƙurin mai yana da ma'auni, shi ne okten. Ba ƙarfin mai yake aunawa ba, juriyarsa ga matsi da zafi kafin ya tashi da kansa yake aunawa. Graham Edgar ne ya tsara ma'aunin a shekarun 1920, ya ba wani sinadari mai juriya lamba 100, wani marar juriya sifili. Inda ake yin tuntuɓe shi ne lambar da ke jikin famfo ba iri ɗaya ba ce a duniya. Turai da yawancin ƙasashe suna rubuta lambar wani ma'aunin okten da ake kira RON. Amurka da Kanada suna rubuta matsakaicin RON da wani ma'auni mai tsanani da ake kira MON, don haka lambarsu ta fi ƙanƙanta: 91 a can kusan 95 ne a Turai, 93 kuma kusan 98. Wanda ya samo saitin da aka yi wa mota a kan 93 na Amurka, ya ɗora wa tasa yana zuba RON 91 ko 92, yana ganin lambobin sun yi kusa, ya yi nesa da gaskiya ƙwarai. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ban san inda karin maganar nan ta fi dacewa ba kamar a teburin taimin na aro, wato jerin lambobin taimin da ke cikin kwamfutar mota. Ko da injinan iri ɗaya ne, ba su sha mai ɗaya ba, ba su shaƙi iska ɗaya ba, intakula ɗinsu ba ɗaya ba, dattin da ya taru a kan fistin ɗinsu ba ɗaya ba.

Wani zai ce, to ai da sauƙi, a rage taimin sosai a huta. Nan ma ba hutu. In wuta ta makara, ba ta gama ci ba bawul ɗin hayaƙi zai buɗe, zafin da ya kamata ya tura fistin ya fita ta bututu. Bawul ya gasu, manifol, bututun da ke tattara hayaƙi daga silinda, ya yi ja har ya tsage, fankar turbo ta sha wutar da ta fi ƙarfinta. Galibin turbo na motocin fetur iyakarsu tana wajajen digiri 950, wasu na zamani 1,050. Mota ta yi nauyi, ta riƙa shan mai, ruwan lagireto ya yi ta zafi. Masu tseren mota suna yin haka da gangan, su jinkirta wuta har ta riƙa ci a cikin manifol don turbo ya ci gaba da juyawa in an ɗaga ƙafa daga totur, kuma sun san kayan ba za su daɗe ba. Gaba kura ne, baya sayaki. Hanyar da ke tsakani a cikakken matsi wani lokaci faɗinta bai fi digiri huɗu ko biyar ba.

Yanzu ga aikin kansa. Matakin farko shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kashe injina: tabbatar da cewa abin da kwamfuta ke faɗa shi ne abin da ke faruwa a karanshaf. Kwamfuta ba ta ganin fistin. Haƙoran wani faifai take ƙirgawa. A tsarin da Bosch ya yaɗa, faifan yana da gurbin haƙora 60 an cire biyu, kowane haƙori digiri 6. A na Ford gurbi 36 ne an cire ɗaya, kowanne digiri 10. In an gaya wa kwamfuta wurin giɓin da kuskuren haƙori ɗaya tak, duk lambobin teburinka sun goce da digiri 6 ko 10, kana ganin 14 a allo inji yana cin 20 ko 24. Maganin shi ne a kulle taimin a lamba ɗaya, a ce digiri 10, a haska fitilar taimin a kan alamar fuli, faifan da ke bakin karanshaf, a gani ko sun yi daidai. Sannan a ɗaga juyi zuwa 3,000 ko 4,000 a sake dubawa. In alamar tana tafiya yayin da juyi ke hawa, akwai matsala, wataƙila an juya wayoyin sensar karanshaf, kuma sai an gyara kafin a taɓa komai. Ita kanta alamar abar tuhuma ce a tsohon inji, domin fulin ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, in robar ta tsufa zoben waje yana zamewa da alamarsa. Mai hankali yana cire fulogi na silinda ta ɗaya ya nemo ƙolin da hannunsa.

Bayan haka mai, kafin wuta. Fetur yana ci tsaf in an haɗa awo 14.7 na iska da awo ɗaya na mai, kuma a haka mota ke tafiya in ba a matsa mata ba. A ƙarƙashin matsin turbo ana ƙara mai har lissafin ya sauko wajajen 11.5 zuwa 12, rarar man tana sanyaya silinda. In famfon mai ya gaza ko nozul ya toshe, cakuɗen ya tsinke a daidai lokacin da ake buƙatar kaurinsa, babu lambar taimin da za ta cece ka. Sai an ga ma'aunin iska da mai ya tsaya daram daga ƙasan juyi har sama kafin a juya ga taimin.

Teburin taimin kamar dara yake, gidaje a jere: gefe ɗaya juyi, ɗaya gefen matsin iskar da ke cikin manifol na iska, bututun da ke raba wa silinda iska. A gidajen da ba lodi, inda mota ke tafiya a hankali da totur kaɗan, cakuɗen siriri ne, wuta tana nawa, taimin yana iya kaiwa digiri 35 ko 40 ba komai. Yayin da matsi ke hawa lamba tana sauka. Inda ta fi sauka shi ne inda turbo ya fara cika kuma injin ke ba da iyakar ƙarfin murɗarsa, galibi a tsakiyar juyi, domin a nan silinda ta fi cika kuma ragowar cakuɗen nan ta fi samun lokacin gasuwa. Daga nan zuwa sama ana iya mayar da digiri kaɗan-kaɗan, saboda cikar silinda tana raguwa, lokacin jira ma yana raguwa. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ke yawo, wai a rage digiri ɗaya ga kowane psi ɗaya na matsin turbo (psi ƙaramin ma'aunin matsi ne). A matsayin wurin farawa ga wanda ya ɗaura turbo a injin da ba a haife shi da shi ba, ba laifi. A matsayin amsa kuwa ba ta san faɗin silindarka ba, ba ta san manka ba, ba ta san siffar kan fistin ɗinka ba.

Ana farawa da ƙaramin matsi da taimin da aka tabbata ya yi ƙasa. A riƙe inji a gida ɗaya, a ƙara digiri ɗaya, a dubi ƙarfi, a saurara. In digirin farko ya ba da ƙari mai kauri, na biyu ma haka, na uku ya ba da rabin wancan, injin yana gaya maka kun kusa kan tudu, kuma babu dalilin bin sauran. In ƙwanƙwasa ce ta fara zuwa, an ga iyaka, a koma baya da digiri biyu ko uku. A titi ana iya yin wani abu mai kama da haka da na'urar naɗar bayanai, amma titi ba ya nuna maka ɗan ƙaramin sauyin ƙarfi, kuma hankalin direba yana kan hanya. Ni dai ban yarda a nemi iyakar injin turbo a titi ba, saboda injin da kuma saboda mutanen da ke kan titin.

Sauraren nan da na ambata, da kunne nake nufi. Sensar ƙwanƙwasa ɗan dutse ne da ke ba da lantarki in an girgiza shi, an ɗaure shi a jikin inji, kwamfuta kuma an koya mata muryar wannan injin kamar yadda ya fito daga masana'anta. Da zarar an sauya fistin, an sa kamshaf mai tsauri, ko wani bututu yana taɓa jiki, muryar ta sauya. Kwamfuta tana iya jin ƙwanƙwasar da babu ta yi ta janye taimin a banza, ko kuma, wanda ya fi muni, hayaniyar babban juyi ta rufe ta gaske. Shi ya sa ƙwararru ke ɗaura tasu sensar su sa abin saurare a kunne. Daga kujerar direba, da ƙarar salansa da ta iska, sai ƙwanƙwasa ta yi tsanani kafin a ji ta.

Wannan ja da baya na digiri biyu ko uku shi ne abin da masu mota suka fi ƙi, domin suna ganin an rage musu dawakin da suka biya. Amma saitin da aka yi da safe, inji da sanyinsa, fankar daino tana hura intakula, ba shi ne zai hau tudu da tsakar rana da kaya bayan awa guda a cunkoso ba. A cunkoso intakula yana jiƙa da zafi, tashin farko bayan an samu hanya iska mai zafi ce ke shiga. Mai ma yana bambanta daga tanki zuwa tanki. Tururin baƙin mai da ke biyowa ta bututun numfashin inji yana rage juriyar cakuɗen. Silindun kansu ba su zama ɗaya ba, wata ta fi samun iska, wata ta fi nisa da ruwan sanyi, kuma mafi rauni a cikinsu ita ke yanke wa sauran hukunci. Don haka bayan babban tebur akwai ƙananan tebura da ke janye taimin in zafin iska ko na ruwa ya hau. Wanda ya share su don lambar daino ta yi kyau ya cire wa injin garkuwarsa.

Akwai masu gudun wannan duka su koma E85, man da yawancinsa etanol ne. Juriyarsa tana da yawa, yana kuma sanyaya silinda sosai, sai dai inji yana shan kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, dole famfo da nozul su iya. Tarkonsa daban ne. Da shi kana iya kaiwa kan tudun MBT har ka wuce ba ka ji ƙwanƙwasa ko ɗaya ba, matsin cikin silinda yana ta hawa shiru, sai kwanrod ya lanƙwashe ko gasket ya tashi. A nan kunne ba ya taimako, daino ne kaɗai zai ce maka ƙarfi ya daina ƙaruwa.

Fulogi ma yana da nasa. Cushewar iska tana wahalar da tartsatsi wajen tsallaka giɓi, shi ya sa in an ƙara matsin turbo ake matse bakin fulogi zuwa wajajen milimita 0.6 ko 0.7, in ba haka ba mota ta riƙa sarƙewa a sama a ɗora wa taimin laifi. Ana kuma zaɓar wanda ya fi saurin zubar da zafi. A NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, a Bosch akasin haka ne, kuma an sha yin kuskure a nan. Bayan gwaji a ciro su a duba da haske: ɗigo-ɗigon baƙi ko masu ƙyalli a jikin farin tangaran shaida ce cewa an yi ƙwanƙwasa, ko an ji ko ba a ji ba.

Dalilin damuwa da zafin fulogi shi ne wata cuta da ake yawan haɗa ta da ƙwanƙwasa alhali ba ɗaya suke ba. Ƙwanƙwasa bayan tartsatsi take zuwa. Wannan kuwa kafin tartsatsi take zuwa: bakin fulogi ko wani ɓarɓashin gawayi ya yi ja, ya kunna cakuɗen tun fistin yana ƙasa, fistin ya yi ta matse wuta mai ci har ƙoli. Ba ta cika yin ƙara ba, huda kan fistin kawai take yi. Ƙananan injinan turbo na zamani masu fesa mai kai tsaye suna da wani nau'inta da ake kira LSPI, wanda ke zuwa a ƙaramin juyi da babban lodi, kamar a ce kana babbar giya a juyi 1,500 ko 2,000 ka take totur har ƙasa. An gano ɗigon baƙin mai da ke haɗuwa da fetur a bangon silinda yana cikin masu kunna ta, kuma sinadarin kalsiyam da ke cikin wasu mayukan yana ƙara ta. Wannan ne ya sa aka fito da ma'aunin API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020, waɗanda sai mai ya ci gwajin LSPI kafin ya sami tambarinsu. Rage taimin ba ya hana ta, tunda wutar ta riga fulogi tashi. Abin da ke hannun mai mota shi ne ya duba tambarin da ke jikin galan ɗin baƙin mai, in kuma zai wuce wata mota ko zai hau tudu, ya sauke giya ɗaya ko biyu juyi ya hau kafin ya take.